Sunan Shamsu a Takardar Garaji

Tsibiri, 6 ga Maris 1994

Zuwa ga yayana Alhaji Maliki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali, wata magana ta hana ni sukuni. Jiya uwar Idirisa, yaron da ya shekara huɗu yana koyon gyaran injin ban-ruwa a garajinka na Jiratawa, ta shigo gidana ko tabarma ta ƙi hawa. Ta ce kuɗin da furoje, wato shirin tallafin nan, ke ba 'yan koyo kowane wata, nasa aka sa wa ɗana Shamsu, don uban Idirisa ba jam'iyyarku yake ba.

Yaya, Shamsu bai taɓa riƙe sifana ba, gero yake nomawa. Kuɗin da kake aiko mani, na zaci zumunci ne. Takardar da ka kawo da Faransanci ka ce ta taimako ce, na rubuta bisimilla da hannuna sannan na sa sunana a matsayin uwar Shamsu. A kan ƙarya ka sa na ambaci Allah?

Ƙanwarka,
Atika

Maraɗi, 10 ga Maris

Atika,

Wa alaikis salam. Malama ta tashi wa'azi! Wata biyar gwamnati ba ta biya mijinki albashi ba, darajar kuɗinmu sefa ta faɗi, komai ya ninka. Da kika ci tuwon ba ki tambayi inda ya fito ba, sai yanzu da ya narke. Kowane mai garaji a garin nan sunan nasa ya sa a takardar. Idirisa kuwa ina koya masa sana'ar da yau manoma ke layi a kanta, tunda sabon inji ya fi ƙarfin kowa. Bai isa ba?

Ran Litinin masu bincike na furoje za su zo. Ki turo Shamsu da sassafe, a shafa masa baƙin mai, shi tsaya bakin inji shi yi shiru. Shi ke nan.

Maliki

Tsibiri, 15 ga Maris

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ban turo shi ba, ni na je ofishin furoje da ƙafata. Na gaya masu ɗana manomi ne, su mayar wa Idirisa haƙƙinsa. Na ci tuwon, gaskiyarka, ina ta istigfari. Amma ba ka da ikon shafa wa ɗana abin da sabulu ba ya fitarwa.

Allah shi shirye mu.
Atika

Maraɗi, 22 ga Maris

Atika,

Salam. Barka da aiki. Ba su mayar wa kowa komai ba, garajin gaba ɗaya suka soke daga furoje. Yara biyar na gaskiya sun rasa nasu. Biyu sun ajiye kayan aiki sun koma tallan fetur a kwalba. Iyayensu mata kullum suna ƙofar gidana a unguwar Zariya. Tunda ke ce mai tsoron Allah a gidanmu, zo ki yi masu bayani.

Maliki

Tsibiri, 24 ga Maris

Yaya,

Assalamu alaikum. Na yi kukan yaran nan, ban san haka za ta kasance ba. Ina zuwa Juma'a bayan la'asar. Ka tara matan. Zan faɗi laifina a gabansu, kai kuma ka tsaya kusa da ni ka faɗi naka. In ka buya a ɗaki, ni zan faɗe shi a madadinka, da ƙarfi yadda za ka ji.

A gaida iyali.
Atika