Na Ɗinka Wa Amfilifaya Riga, Yanzu Sai Hayaƙi

Malama, ki taimake ni kafin in ƙone gidan haya. Ni tela ne, karatuna ya tsaya a aji biyu na sakandare, shi ma da ƙyar aka turo ni.

Mahaifina yana zaune tare da mu. Kunnensa ya yi nauyi, ga shi ba ya da aboki sai rediyo. Kullum yana manne da ita a kunci kamar mai ciwon haƙori, in an gama labarai kuma ya tambaye mu me aka ce. Sai bakina ya ja mini. A gaban iyali na bugi ƙirji na ce ni da hannuna zan haɗa masa amfilifaya, wato akwatin ƙara sauti, wadda har maƙwabta za su ji.

Na samo kayan haɗi a wurin mai gyaran rediyo. Zuciyar abin wani ɗan baƙin ƙwaro ne mai ƙafafu da suke kira ayisi. A cikin ledar akwai wani guntun alminiyum mai haƙora kamar mataji. Ban ga waya a jikinsa ba, sai na ɗauka gyara aka yi mini. Na sa shi a ƙarƙashin ƙafar keken ɗinkina da ke girgiɗi, kuma gaskiya ya yi aiki.

Da na gama liƙe-liƙen dalma, na zuba komai a robar abincin uwargida, na ɗinka wa amfilifayar riga mai soso har da zif, don kada ƙura ta shiga. Malama, ta yi magana! Minti biyar Baba yana murmushi, har ya ajiye sandarsa. Sai wari, sai hayaƙi, sai shiru. Yanzu ayisi uku na binne, roba biyu ta narke, uwargida ta kulle sauran a kabad.

Babbar 'yata tana koyon lantarki a makarantar fasaha. Tun ranar farko ta so ta yi magana, na ce ta bari manya su yi aiki. Yanzu in ta wuce tana danne dariya. Baba kuwa kowace safiya sai ya leƙo shago ya tambaya ko amfilifayar ta warke.

Shin abin nan ya cancanci wahala, ko in sayo ta kanti in ce ni na haɗa?

Tela mai binne ayisi

AMSA

Malam Tela, ka fara ciro matajin nan daga ƙarƙashin keke. Shi ake ɗaure wa ayisi a baya don ya janye zafi. Kai kuwa ka raba su, ka ƙara wa amfilifayar da bargo. A sa ta a akwati mai ƙofofin iska, rigar kuma ka ba filo.

Ta kanti ta fi sauƙi, ta kuma fi kwanciyar hankali, musamman a ɗakin dattijo. Haɗin gida yana da daɗinsa: ana koyon abu, in ya lalace an san inda za a taɓa. Amma ba a koyonsa da girman kai, kuma a yi gwaji da batir, ba wutar bango ba.

Ƙaryar nan kada ka soma, 'yarka za ta gane kafin ka buɗe kwali. Ka aro wa Baba lasifika yau ɗin nan, bai kamata ya jira ka ƙware ba, sannan a kai shi likita ya duba kunnen. Bayan haka ka kira 'yarka, ka miƙa mata ƙarfen liƙi, kai ka riƙe mata tocila. Ba abin da zai ragu a girmanka. Ranar da aka kunna, Baba zai ji labarai, ya kuma ji cewa jikarsa ce ta haɗa.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya tsare sauran robobin uwargida.