Ɗakin Sama na Nemesio

Valparaíso, 3 ga Mayu

Yaya Baltasar,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da yara. Ni kam ban san ranar da zan sake cin abinci da marmari ba. Mijina Nemesio ya ce zai mayar da ƙarƙashin rufinmu ɗaki, da hannunsa, ba ya neman kafinta. Yana ɓalle silin, sai ga kashin tattabaru na shekara da shekaru ya zubo, har da mushen ɓeraye, ɗaya ya faɗa cikin miyar cazuela da nake dafawa. Tukunyar ma na jefar.

Wai Mama yake yi wa ɗakin, ta riƙa kallon teku. Jiya ya sa zarto ya yanke babban katakon nan da ya gitta tsakiya, wai yana buge masa kai.

Ƙanwarka,
Eulalia

Antofagasta, 11 ga Mayu

Eulalia,

Ina gaishe ki, ki gaida Mama. Mijinki ya haukace ne? Katakon nan ni da Baba muka ɗora shi, shi ke riƙe da ɓangarorin rufin biyu. In ƙasa ta ɗan girgiza, kwanon rufin zai zauna muku a ka. Ku tokare shi yau ɗin nan.

Sannan ki tambaye shi: tsohuwar da ba ta iya hawa dakalin coci, ta yaya za ta hau tsani? Ɗakinta na ƙasa kuma me za a yi da shi?

Yayanki,
Baltasar

Valparaíso, 20 ga Mayu

Yaya,

Barka da aiki. Kafin takardarka ta iso, bangon ɗakin Mama ya tsage, rufin ya lotsa kamar bayan tsohon jaki. Ni da maƙwabta muka kafa matokarai huɗu, shi yana tsaye yana cewa, "Ku dai akwai tsoro."

Na yi masa tambayarka a kan tebur. Ko tauna bai daina ba ya ce, "Haba Lala, ke ma kin sani. Ɗakin nan nata zarnin fitsari yake, abokaina sun daina shigowa. A can sama iska za ta riƙa kwashewa."

Yaya, mutumin da kashin tsuntsu ya bushe masa a gashi yake faɗin haka! Na kalli bakinsa yana maiƙo. Ashe Mama na bakin ƙofa da sandarta. Na zaci kuka za ta yi. Sai ta ce masa, "Ɗana, ka ƙarasa aikin, ka yi shi da kyau." Tun ranar ba ta ƙara magana a kai ba, ni kuwa na kasa haɗa ido da ita.

Eulalia

Valparaíso, 29 ga Yuni

Baltasar ɗana,

Allah ya yi maka albarka. Ka kwantar da hankalinka. Na kira kafinta ya sa sabon katako, ya ɗaure shi da ƙarfe, rufi ya miƙe. Ɗakin sama ya kammala. Da yake gidan nawa ne, na sa an hau da gadon Nemesio can. Eulalia ce da kanta ta miƙa masa filo.

Mahaifiyarka,
Herminia