Sun Yanka Addu'ata Sun Yi Talla da Ita

Malama mai ba da shawara,

Ki taimake ni, don abin ya kai inda ba na iya gaya wa na kusa. Ki yi haƙuri da rubutuna. Ban yi boko ba, ɗan abin da na iya a ajin manya na coci na koye shi, bayan furfura ta fara fito mini.

Ni kafinta ne, kafin idanu su ƙi. Bencinan cocinmu da hannuna na yi su, kuma babu wanda ya taɓa yage wa mace zane. Bara aka jibge su a bayan ɗakin yara, rana da ruwa suna ci, aka shigo da kujerun roba. Wani ɗan ikilisiyarmu mai neman kujerar majalisa ne ya kawo su kyauta. Babu wanda ya tambaye ni. Na yi shiru. Da aka kawo gangunan nan masu toshe kunne ma shiru na yi. Na faɗa miki ne don ki san ni ba mai neman rigima ba ne.

Akwai gidan rediyon Kirista a garinmu, autana yana aiki can, shi ke haɗa sauti. Wata Lahadi suka zo ɗaukar sujada. Fasto ya ce in rufe da addu'a, tunda ni ne babba a dattawan ikilisiya. Zaɓe ya matso, sai na roƙi Ubangiji ya ba mu shugaba mai tsoronsa, mai tunawa da marayu. Na roƙa wa duk masu takara, na cikin coci da na waje, har na ce wanda ya faɗi Allah ya ba shi dangana.

An kwana biyu, ina zaune a ƙofar shago, sai maƙwabcina mai gyaran keke ya ƙure rediyonsa yana kallona. Muryata na ji. Ina kaiwa kan shugaba mai tsoron Allah sai kiɗa ya shigo, wata murya ta ce an riga an amsa, ta kira sunan mai kujerun roba. Sauran addu'ar duk an yanke. Har amin ɗin jama'a an ɗauko an manna a bayan sunansa.

Malama, ko matata ba ta taɓa sanin inda nake dangwala yatsana ba. Yanzu in na bi ta kasuwa sai a riƙa cewa ga Baban talla nan, Baba a yi mana ɗaya ko kayanmu sa shige. Mai gyaran keken nan ba addininmu ɗaya ba, amma a inuwa ɗaya muka tsufa. Yana gaishe ni har yau, sai dai in na zauna hirar takan mutu.

Na kira autan. Bai musa ba. Ya ce manaja ne ya sa shi, kuma wai bai ƙara mini ko kalma ɗaya ba. Na ce haka ne, ni ma in na sare wa tebur ƙafa biyu ban ƙara masa komai ba. Ya ce in na tayar da maganar shi za a kora, ga matarsa da ciki. Na ce kada ya sake taka mini gida sai an fito a rediyon an gaya wa duniya cewa ƙarya aka yi mini. Fasto kuwa cewa ya yi in bar zancen, ai mutumin namu ne. Na tambaye shi yaushe Ubangiji ya yanki katin jam'iyya. Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Tun ranar na ɗauki alkawari ba zan ƙara ɗaga murya a addu'a ba, tunda ta zama abin da ake yankawa. A coci ina zama can baya. A gida ma na daina, kuma nan ne damuwar. Matata tana kwance, ɓarin jikinta ya shanye, magana ba ta fita sosai. Ni nake yi mana addu'ar safe, ita ta amsa. Yanzu takan rufe ido ta jira, ni kuma in tashi in ɗora ruwa. Autan ne yake ɗaga ta ya kai ta asibiti wajen gashin ƙashi, don ni ƙarfina bai kai ba. Rabonta da zuwa tun da na kore shi. Babbar 'yata ta ce taurin kaina zai kashe uwarsu. Ban yarda ba, ai ni aka cuta. Amma matar ta rage cin abinci, ko motsi ta ji sai ta juya ido ƙofa.

In na janye, kamar na yarda da abin da suka yi ne. Yaya zan yi? Kada ki ce mini haƙuri kawai, na ji wannan har ya ishe ni.

Tsohon kafinta

Baba,

Ba zan ce maka haƙuri kawai ba. An cuce ka. Ka yi wa Allah magana, aka ɗauke ta aka sa a bakin siyasa ba da izininka ba. Gidan rediyon addini yana iya koya wa mutane su fita zaɓe, su auna hali, su guji sayar da ƙuri'a. Amma ranar da ya sa amin ɗin jama'a a bayan sunan mutum ɗaya, ya ci amanar masu saurarensa, har da waɗanda za su zaɓi mutumin. Fasto ma bai kyauta ba da ya mayar da abin wasa.

Ɗanka ya yi laifi, kuma ya san ya yi, shi ya sa ya kawo maka hujja marar ƙarfi. Sai dai ka duba inda yake tsaye. Ƙaramin ma'aikaci ne, mai tsoron rasa abincin iyalinsa. Ka ɗora masa sharaɗin da ba shi da ikon cikawa, don ba shi ke yanke abin da za a faɗa a rediyo ba.

Ga abin da nake gani. Ka nemi dattawa biyu da suka ji addu'ar da kunnensu, ku je wurin manaja a matsayin ikilisiya. Ku nemi a daina sa tallan, a kuma sa addu'arka cikakkiya a shirin Lahadi. Wannan ya fi neman gafara wanke ka, don kowa zai ji abin da ka faɗa da bakinka. Ku ce a fili ba ku zo don a taɓa aikin yaron ba. Mai gyaran keke kuwa ba sai ya jira rediyo ba, ka gaya masa da kanka.

Saura maganar da ta fi nauyi, kuma ka gafarce ni, Baba. Manaja bai rasa barci don ka yi shiru ba. Ɗan takara bai ma sani ba. Mutum ɗaya ce ke ɗaukar wannan hukunci, kuma ita ko rediyon ba ta kunna ba. Ka hana ta addu'a, ka hana ta ɗanta, ka hana ta asibiti. Zaɓe zai zo ya wuce, amma ƙarfin da ta rasa a wannan lokaci don rashin zuwa gashin ƙashi ba lalle jikinta ya maido shi ba.

Ka aika wa autanka yau ya zo ya kai uwarsa asibiti. Ba sai ka sakar masa fuska ba tukuna, faɗanku yana iya jira. Gobe da safe kuma, in Mama ta rufe ido, ka zauna. A ɗakin nan babu mai ɗauka, babu mai yankawa.

Allah ya ba Mama lafiya, ya sauki surukarka lafiya, ya sanyaya maka zuciya.