Yaya Rabi Ba Za Ta Ga Ƙarshensa Ba

Laraba da dare, Sevran, Faransa

Yau kwana sittin da rasuwar mijina Malam, kuma yau yayarsa Rabi ta tozarta ni gaban mata arba'in.

A gurup ɗinmu na waya ana ta gardama kan fim ɗin nan mai dogon zango na mutanen Wales, mai iyalin da ba sa cin abinci sai da faɗa. Wasu sun ce uwar gidan ba ta da kunya, wasu sun ce ita ke da gaskiya. Ni dai na ce uban ne ya ba ni dariya, yadda yake ɓuya a mota yana cin biskit in surukai sun zo. Haka Malam yake yi, Allah Ya ji ƙansa. Tare muka fara kallo, yana fassara mini.

Sai ga muryar Yaya Rabi daga garin Bron: "Hadiza, kina takaba kina dariyar fim ɗin Nasara? Kabarin ƙanena ko bushewa bai yi ba." Na yi kuka har la'asar.

Bayan isha'i na kunna tele, na shiga manhajar kallon fina-finai da Malam ya yi rajista, na ga sunanta kusa da nasa a jerin masu kallo. Ashe da lambar sirrin Malam take kallo. Kashi bakwai na fim ɗin Nasaran ta cinye cikin watan nan, saura na ƙarshe.

Na canza lambar.

Gobe za ta kira. Zan gaishe ta da ladabi, in tambayi yara, sannan in ce, "Yaya, ki roƙe ni a gurup."