Na Ɓoye Takalman Gudun Ɗiyata a Rumbu

Anti Sahura, don Allah ki taimake ni da shawara, yau kwana goma ke nan hankalina bai kwanta ba.

Ni mutuniyar Abare ce, ƙasar Anka. Shekarar da gubar dalma ta shigo mana ta duwatsun zinariyar da ake niƙawa cikin gidaje, na rasa ɗana Lauwali. Ƙanwarsa Asma kuwa likitoci suka yi ta fama da ita har Allah Ya tashi kafaɗunta, kuma har gobe ina yi musu addu'a. Yarinyar da nake goyo kamar tsumma, yau shekarunta goma sha takwas, tana makarantar kwana a Gummi, wai har gudu take yi! Malamarsu, Malama Gloria, shekara biyu ke nan tana horar da su gudun dogon zango, da dogon wandonsu da hijabinsu. Matar nan sai dai Allah Ya saka mata, ko takalman ma ita ta saya wa Asma.

To, da Asma ta zo hutu sai ta raka ni asibiti awon hawan jini. Ma'aikaciyar ta gama da ni, ta ɗaura mata abin awon ita ma cikin wasa. Bugun zuciyata tamanin da takwas a minti, nata hamsin da biyu. Matar ta yi dariya ta kira na baya a layi. Hamsin da biyu fa, Anti! Na ce shi ke nan, dalmar nan ce ta dawo tana cin zuciyarta, gudun kuma zai ƙarasa ta. Muna isa gida na cusa takalman cikin rumbun gero, na ce ta manta da gudu, alhali saura sati uku a yi gasar zaɓen 'yan gudu a Gusau. Ko musu ba ta yi mini ba, sai cewa ta yi, "Inna, in ba ki so, na bari." Wallahi da ta yi mini gardama da ya fi mini sauƙi. Ban taɓa gaya mata abin da nake tsoro ba. Ita kaɗai Allah Ya bar mini, in hana ta ko in ƙyale ta?

Mai godiya, daga Abare

'Yar'uwa, Allah Ya jiƙan Lauwali. Tsoronki yana da dalili, ba zan raina shi ba.

Na nuna wa wata likitar zuciya wasiƙarki. Ta ce zuciya tsoka ce, horon dogon zango yana ƙara mata ƙarfi, har bugu ɗaya ya riƙa tura jini fiye da na da, don haka ba ta buƙatar yawan bugawa. Kamar mai jan ruwa da babban guga ne, ja kaɗan tulu ya cika. Hamsin da 'yan kai ba abin mamaki ba ne ga mai irin wannan horo. In Asma tana gudu bugun zai hau, amma ba zai kai na ƙawarta marar horo ba in suna gudu ɗaya, kuma in ta tsaya zai sauka da wuri.

Duk da haka, ba a wasa da tarihin dalma. Cikin satin nan ki kai ta babban asibiti, ki faɗi ciwon da ta yi tana ƙarama, a auna dalmar jininta, a duba ƙarancin jini, a yi mata gwajin zuciya. Ki tambaye ta ko tana jin jiri ko ciwon ƙirji, ko ta taɓa suma, ko al'adarta ta ɗauke. In akwai ko ɗaya, ta dakata sai abin da likita ya ce. Ki kuma riƙa ba ta wake da zogale da hanta.

In an ce lafiya lau, ki fito da takalman. Sannan ki zaunar da ita ki ba ta labarin yayanta, domin yarinyar da ta yarda ta bar gudu saboda ke ta isa ta ji dalili. Ki je ki ga gudunta ko sau ɗaya, in ta tsaya ki ɗora hannu a ƙirjinta. Zuciyar da kika yi jinya ce, ki ji yadda take aiki yanzu.

Allah Ya ba ta lafiya, Ya kai ta Gusau, Ya sa ke da hannunki za ki karkaɗe geron da ke cikin takalman nan.

Anti Sahura