Inda Gulbi Ya Yi Ja

Kebbe, daren Laraba, farkon rani

Barci ya ƙi zuwa. Yau muna wanki a bakin gulbi sai wata malama daga jami'a ta zo da 'yan kwalabe tana ɗibar ruwa. Ta tambayi abin da muke wanki da shi. Ƙawata Hajo ce ta ce garin sabulu da bilic mai cire tabo, har gidan sauro mai magani nan muke wanke shi.

Malamar ta buɗe kwamfuta, ga gulbinmu kamar zare. Ta ce in ta ba kwamfutar yawan abin da muke zubawa da yawan ruwan da ya rage, sai ta nuna inda kifi zai fara mutuwa. Da damina duk shuɗi ne. Da ta kai rani, wuri ɗaya ya yi ja. Ta ce hasashe ne, ba tabbas ba. Amma na gane wurin. Gurbin ƙarƙashin gawo ne, inda Baba yake sa gurarsa ta kamun kifi.

Hajo ta yi dariya. "Mi kwamfuta ta sani ga gulbi?"

To ai shekaranjiya Baba ya ce ya ga 'yan kifi sun taso, ciki sama.

Da magariba Inna ta ce, "Ɗiyata, gobe ki kwashe gidajen sauron ga duka ki kai gulbi ki wanke." Sai na ce to.

Ga su can a ƙulle bakin ƙofa. Baba yana tsakar gida yana gyaran gura, har da 'yar waƙarsa.