Takalman Dogo

Zuwa ga Maman yara,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai gajiya.

Kin san farin dutsen da muke haƙowa, wanda ake yin batir da shi. To, kamfanin da ke bayan tsauni ya karya farashi, masu saye suka fara juya mana baya. Manaja ya kira ni, tunda ni ke shugabantar masu shiga rami, ya ce ko mu riga na bayan tsauni cika motoci, ko a rufe wurin. Sabon ramin da muka buɗe yana buƙatar katakon tokare rufi, ga shi babu lokacin jiran a kawo. Sai na ce a ciro na tsohon ramin. Kowa ya yaba da dabarar.

Na ba ƙaninki Dogo aikin, don shi ne hannunsa ke kaiwa sama. Ya cire takalmansa a bakin rami, wai suna sa shi santsi. Yana kan katako na ƙarshe rufin ya rufto. Allah ya jiƙansa.

Ba mu tono shi ba. Injin haƙa ɗaya ne, kuma yana can inda dutsen yake. An yi masa salla a bakin ramin, ni ne ma a sahun gaba. Ki lallashi Inna, duk inda aka kwanta ƙasa ce. Mun kuma riga su cika motocin.

Ga fitila mai aiki da hasken rana na aiko miki, kyautar kamfani. Batirinta dutsenmu ne.

Naki har kullum,
Baban yara

Maman yara,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya haƙuri? Yaya Inna?

Direba ya dawo min da fitilar a farfashe, babu ko kalma daga gare ki. Gaskiya raina ya ɓaci. Ina nan ina shan wahala dominku, wannan ne tukuicina?

Duk da haka ban manta da zumunci ba. Na bayan tsauni sun sake karya farashi, za mu buɗe wani rami, ga gurbin Dogo babu kowa. Mutane da yawa suna nemansa, amma na roƙi manaja ya ajiye wa autanku. Na ga shi ma ya yi tsawo. Ki turo shi da motar gobe, kada ya sayi takalma, na yayansa suna nan na goge su.

Mijinki mai ƙaunarki,
Baban yara